Ƙwai biyu bayan allurar kwana goma sha biyu: labarina da IVF

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Na daɗe ina son rubuta labarina da IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a asibiti sannan a dasa mata a mahaifa, duk sanda na ɗauko waya sai in ajiye, toh jiya da daddare wata baiwar Allah ta kira ni tana kuka wai an yi mata gwajin AMH, na yawan ƙwan da ya rage wa mace, ya nuna 0.6, likita yace ƙwanta saura kaɗan, tana tambayata wace allura ce tafi ƙarfi ta je ta ce a rubuta mata. Wallahi sai naji kamar muryata nake ji, don irin tambayar da nayi kenan, kuma ita ta cinye min sarƙar zinarina.

A Kaduna nake, malamar makaranta ce ni. Anyi aurena 2012 ina da shekara 26. Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara, duk wata sai na kwanta wani lokacin har sai an min allura, Umma tana cewa ki yi haƙuri in kika yi aure zai daina, nayi auren bai daina ba, cikin ma shiru. Sai 2016 sikanin ya nuna wani ƙulli a gidan ƙwai na hagu, irin wanda tsohon jini ke taruwa a ciki, ciwon da suke kira endometiriyosis. Aka min tiyata aka cire. Abin da babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min a lokacin shi ne, in ana ɓare irin wannan ƙullin yakan tafi da wani ɓangare na lafiyayyen naman da ƙwai ke ciki. Ban ce kada a yi tiyatar ba, ciwon ya isa a cire shi, amma da an ce min Hajiya daga yau lokaci ya fara ƙure miki, da ban zauna ɓata shekara biyar ba.

Shekara biyar ɗin nan babu abin da ban sha ba. Maganin sanyi kala-kala, hulba, habbatussauda da zuma, rubutu, wani yace jinnul ashiƙ ne aka yi ta min ruƙiyya ana turara ni har kayana suka koma warin hayaƙi. Sai Clomid. Wata maƙwabciyata ce tace ita da shi ta samu tagwaye, na je kemis na saya ba takardar likita ba komai, na yi ta sha ina bari ina komawa sama da shekara. Daga baya na gane Clomid an fi yin shi ne don macen da ƙwanta ba ya fita duk wata, ni kuwa nawa yana fita, kuma likitoci ba sa son a wuce kamar wata shida ana shan sa, ga shi yana iya sirantar da bangon mahaifa. Amma a unguwa kamar farasitamol ake raba shi.

2017 Yallaɓai ya ƙara aure, shekara na zagayowa amarya ta haihu. Gaskiya ita yarinyar bata taɓa min gori ba, Anti take ce min har yau, amma ranar suna da kunnena naji wata cikin dangin miji tana cewa ai juyar ce ke rabon tuwo. Na gama rabon tuwon tas sannan na shiga banɗaki nayi kukana.

Ƙarshen 2021 muka je wani asibitin haihuwa a Abuja. Nan na fara jin kalmar AMH. Gwajin jini ne da yake nuna kimanin yawan ƙwan da ya rage wa mace, nawa 0.4. Sai kuma sikanin na ciki a rana ta biyu ko ta uku ta al'ada, su ƙirga 'yan ƙananan buhunan da ƙwai ke kwana a ciki, folikul suke ce musu, nawa huɗu, uku a dama ɗaya a hagun da aka yanka. Shekarata 35 ina shirin shiga 36. Ita mace da ƙwanta ake haihuwarta, wajen miliyan 1 zuwa 2, kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen dubu 300 ko 400, haka suke ta raguwa, ba a ƙara mata ko ɗaya. Ba kamar namiji ba da jikinsa ke ta ƙera sabo.

Na sayar da sarƙata da awarwaro, Yallaɓai ya cika, muka fara a watan Fabrairu 2022. Dogon tsari suka ɗora ni. Daga rana ta 21 ta wata aka fara min buserelin, allurar da take kwantar da komai na jikin mace kamar ta daina al'ada, zufa ta dinga keto min cikin dare, ciwon kai, faɗa da kowa har ɗalibaina. Bayan kusan sati biyu aka fara Gonal-F, wata allura mai kama da biro, ki murɗa lamba ki soka a fatar ciki ƙasan cibiya, yunit 300 kullum. Rana ta shida aka duba, buhu biyu ne kawai suka motsa. Ni da bakina nace Dakta don Allah a ƙara, ko nawa ne zan nemo. Bai musa ba, ya maida ni 450. Kinsan biro ɗaya mai yunit 900 kwana biyu kenan ya ƙare. Haka na dinga hawa jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa ta Idu a Abuja rungume da wata 'yar jar kula cike da ƙanƙara, don allurar sai a firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a so ta daskare, ga Nepa kin san halinsu, jenareto muke tayarwa saboda biro uku a firij, Hajiya uwar mijina tana tambaya wai me ake sanyayawa haka da ba za a sha ba.

Kwana goma sha biyu ina soka wa kaina allura. Ranar ɗibar ƙwai na farfaɗo daga barcin da suka sa ni, tambayar farko nawa aka samu, nas ɗin tace biyu. A gadon kusa da ni wata yarinya an samo mata goma sha bakwai tana waya tana dariya. Cikin biyun nan ɗaya bai nuna ba, ɗayan aka haɗa shi da na Yallaɓai ya fara rabuwa ya tsaya. Ko dashen ba a kai ga yi ba. Na dawo gida da kula babu komai, sati biyu tsakani, ranar 28 ga Maris, aka kai wa jirgin nan hari, jirgin da nake hawa, sai jikina yayi sanyi na daina kukan ƙwai na kwana biyu.

Da muka koma jin bayani likitan bai ɓata lokaci ba, yace Hajiya shawara kawai a nemo ƙwan wata. Autarmu da taji tace Yaya a ɗebi nawa mana, ni me zan yi da su yanzu. Allah ya saka wa yarinyar nan. Muka je wajen wani malami da Yallaɓai yake karatu a gunsa, yace dashen nan halal ne matuƙar ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma auren yana nan, tun 1980 aka bada fatawa a Masar a kan haka, amma shigo da ƙwan wata ko da 'yar uwa ce malaman Sunna basu yarda ba saboda cakuɗa nasaba. Har ya bamu labarin majalisar malaman fiƙihu ta Makka da a 1984 ta ce kishiya za ta iya ɗaukar wa kishiyarta ciki, shekara na zagayowa suka janye maganar. Yallaɓai ya kalle ni na kalle shi, duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya, nace Malam ai ko basu janye ba ni na janye.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da wata likita mace, ita ma a Abuja. Matar nan ta ɗauki fayil ɗina ta karanta shafi-shafi, ta kai wajen 450 ɗin nan ta ɗago tace Hajiya wa yace a ba ki wannan, nace ni na roƙa. Sai ta ɗauko takarda ta zana min. Tace duk wata akwai 'yan buhunan ƙwai da suke farkawa tare, jiki yana sakin sinadarin FSH, guda ɗaya ya fi sauran kamawa ya girma ya fita, sauran su mutu. Allurar nan FSH ce, aikinta kawai ta ceto waɗanda za su mutun su girma tare. In huɗu ne suka farka a watan, huɗun nan su ne iyakar abin da za a nema, ko kwalba nawa aka ɗura miki. Tace ke da kika tashi a gidan da ake jan ruwa, in rijiya ta ja baya da rani, ƙaton guga yana ƙara mata ruwa? Nace a'a. Tace toh. Ta ce ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, a ƙa'idar da ta fitar 2019 bata goyon bayan a wuce yunit 300 ga irinmu, kuma an yi wani babban bincike a ƙasar Holan da aka wallafa 2017, aka ƙara wa masu ƙarancin ƙwai allura, wasu har 450, yawan waɗanda suka haihu bai ƙaru ba. Na zauna ina lissafin biro nawa sarƙata ta saya a banza.

Ita ta faɗa min sunan halin da nake ciki ma. Tun 2011 aka yi wata ƙa'ida da ake kira ta Bologna, in mace ta haɗa biyu cikin uku, wato shekara 40 ko wani dalili irin tiyatar da aka min, ko an taɓa mata allura aka samu ƙwai uku ko ƙasa, ko gwajinta ya nuna ƙaranci, to tana cikin masu raunin amsa allura. Ni duk ukun na haɗa. Sai wani rabon na 2016 mai suna POSEIDON da ya kasa mu gida huɗu, ni ina gida na huɗu, wadda ta kai 35 kuma AMH ɗinta bai kai 1.2 ba. Kuma ta ja min kunne a kan abu ɗaya da nake so wadda ta kira ni jiya ta riƙe, AMH yawa yake nunawa, kyan ƙwai kuwa shekaru ne suka fi faɗa. Yarinya 'yar 28 mai AMH 0.6 ba ɗaya take da 'yar 41 mai 0.6 ba ko kusa.

Kafin zagaye na biyu na shiga wani guruf na WhatsApp na mata masu neman haihuwa, nan na ga ana ta yayin wasu magunguna wai suna taimaka wa ƙwai, ƙwayoyin DHEA da CoQ10 da wani man testosteron, sinadarin maza, da ake shafawa a fata da allurar sinadarin girma. Na kwaso su duka na kai mata. Tace gaskiya hujjar da ke bayansu bata da ƙarfi, ƙananan bincike ne wasu su ce eh wasu su ce a'a, ita ESHRE ɗin ma bata bada shawarar a yi amfani da DHEA ko testosteron ko sinadarin girman ba. Allurar girman dai tace in ajiye kuɗina, tsadarta ta yi yawa a kan abin da ba tabbas. Na nace a kan DHEA ta ce toh in gwada tana bibiyata, miligiram 25 sau uku a rana, wata uku. Ai kuwa na ga abu. Ƙuraje suka feso min kamar 'yar sakandare, fuska tana naso, ga wasu 'yan gashi uku a haɓa da nake tsigewa a ɓoye, har amarya tace Anti ko kin canza mai ne. Ko ya taimaka ko bai taimaka ba, AMH ɗina dai yana nan inda yake.

Agusta 2022 muka yi na biyu, lokacin jirgi baya aiki, hanyar mota kuma kowa ya san yadda take a shekarar, sai na tare gidan gwaggona a Kubwa, can Abuja, sati uku. Wannan karon gajeren tsari ne, babu buserelin, tace tunda ƙwan nawa kaɗan ne bata ga dalilin doguwar wahala da ƙarin allura ba. Rana ta biyu ta al'ada aka fara Menopur yunit 300, ita wannan gari ce a 'yar kwalba sai kin haɗa da ruwanta kin zuƙa a sirinji, FSH ce haɗe da abin da ke aikin LH, wani sinadarin jiki da ke taimaka wa ƙwai ya nuna, kuma tana da zafi wallahi kamar an ɗiga barkono. Rana ta shida aka ƙara Cetrotide, aikinta ta tare ƙwan kada ya fita da kansa kafin a ɗebo. Da buhunan suka kai wajen milimita 18 aka ce in yi Ovitrelle, allurar nunar da ƙwai, ƙarfe tara na dare cif, don bayan awa 36 za a shiga ɗiba, in kika yi latti ko kika yi sauri kin ɓata aikin. Tara saura minti biyar aka ɗauke wuta. Gwaggo ta haska min da tocilan ɗin waya hannunta na rawa tana ta salati tana cewa 'yar nan yi a hankali, ni kuma ina cewa Gwaggo riƙe wayar daidai.

Uku aka samu, biyu nunannu, ɗaya ya zama ɗan tayi, aka dasa a rana ta uku. Sati biyu ina matsa Cyclogest, maganin da ke taimaka wa mahaifa ta riƙe ciki, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Gwaji ya fito babu. Wannan ya fi na farko ciwo don na riga na raɗa masa suna a zuciyata.

Na ce na haƙura. Kusan shekara ban sake zancen ba. Umma ce ta kira ni wata rana tace gonar da Abba ya bar mana an raba, ga kasona, in na ga dama in gina in na ga dama in koma asibiti, ita dai ba za ta ce komai ba. Na koma a watan Yuli 2023, daidai lokacin da aka cire tallafin mai aka saki naira, duk alluran nan kuma daga waje ake kawo su, da mai kemis ya faɗa min sabon kuɗin Menopur sai da na nemi kujera. Na faɗa wa likita gaskiya kuɗina ba zai kai irin na bara ba. Tace dama abin da take son mu gwada kenan, sassauƙan tsari. Ƙwayar letrozole miligiram 5 kwana biyar, asalinta maganin kansar nono ce amma tana sa jiki ya ƙara sakin nasa FSH ɗin, sai Menopur yunit 150 kacal, rabin na da. Nace Dakta da 450 ma biyu na samu ina ga 150. Tace ga irinki abin da bincike ya nuna, sakamakon kusan ɗaya ne, bambancin a aljihu yake da yawan huda ciki. Bata ce min ya fi ba, ta ce bai gaza ba.

Sai ta ƙara da wata dabara, yin allura sau biyu a wata ɗaya. Ashe buhunan ƙwai ba sau ɗaya suke farkawa a wata ba, bayan an ɗebi na farko akwai wasu da ke tasowa, sai a huta kamar kwana biyar a sake sabuwar allura ba tare da jiran al'ada ba, duk ɗan tayin da aka samu a daskarar, dashe sai daga baya. Likitocin Shanghai na ƙasar Sin na cikin waɗanda suka fara bayyana tsarin wajen 2014. Amfaninsa ga irina da lokaci ke gudu shi ne a tara ƙwai da wuri. Ɗibar farko biyu, ta biyu uku. Biyar kenan a wata guda, da alluran da kuɗinsu bai kai na zagayen farko ba. Huɗu nunannu, aka yi musu ICSI wato a ɗauki ƙwayar maniyyi ɗaya a soka cikin ƙwan, uku suka kama, biyu suka kai rana ta biyar. Aka saka su a sanyi.

Oktoba aka shirya mahaifa da Progynova da Cyclogest aka dasa guda ɗaya. Na so a sa duka biyun, tace a'a, tagwaye a shekaruna da tarihin tiyata haɗari ne, kuma in duka suka tafi me ya rage. Wannan karon ban kwanta ba, na koma aji na cigaba da koyarwa, ban faɗa wa kowa ba sai Yallaɓai da Umma. Ranar gwajin jini ina cikin ofishin malamai ina makin jarabawa waya ta shigo, naji nas ɗin tace Hajiya albishirinki, ban iya cewa goro ba, jan biron ne kawai ya faɗi daga hannuna.

Kada wata ta karanta wannan ta je ta ce wa likitanta lallai letrozole da 150 za a mata. A guruf ɗinmu akwai wadda aka yi wa irin tsarina sak har sau biyu bata samu ba, akwai wadda da gajeren tsari da 300 ta samu, akwai wadda aka ba Pergoveris mai haɗin FSH da LH, wata kuma Elonva da ake yi sau ɗaya ta yi aikin kwana bakwai. Ni kaina in kika tambaye ni me ya yi aiki, tsarin ne ko dai a cikin ƙwai goma da aka ɗeba a jikina gaba ɗaya wannan ne Allah ya rubuta, zan ce miki na biyun na fi yarda da shi. Abin da na tabbatar dai 450 ɗin da na roƙa da hawaye bata ƙara min ƙwai ko ɗaya ba. Kuma don Allah alluran nan kar a saya a hannun 'yan onlayin masu cewa ragowar tasu ce za su karyar, baki san awa nawa ta yi a zafi ba.

Ƙarshen Yuni 2024 aka ciro min ita ta tiyata, mace, aka sa mata sunan Umma. Ranar suna amarya ce ta karɓi rabon tuwo tace Anti yau ki zauna. Wadda ta ce min juya ma ta zo, ta kawo atamfa da sabulu, na karɓa na yi godiya.

Ɗayan ɗan tayin yana can Abuja a cikin sanyi, duk shekara muna biyan kuɗin ajiya, Yallaɓai yana tsokanata wai ɗansa mai zaman haya. Muna sa ran komawa in na yaye ta in Allah ya kaimu. Jar kular nan kuma tana nan, murfinta ya ɗan tsage, yanzu kunun yarinyar nake sakawa a ciki in za mu tafi makaranta.